Geron Ruma da Kik ɗin A-kori-kura

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, da fatan takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya sa karatun jinyar nan da kika tafi ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin kayanki alhali gida ɗaya muka kwana. To, ke ce ɗiyar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki, kunya biyu ke nan a kaina. Innarku ta ce in zaunar da ke in yi miki faɗa irin na iyaye, na ce to. Na zo har ƙofar ɗakinku, na yi gyaran murya, sai na ji bakina yana tambayar ki ko kin ga butata. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba malami ba ne, direba ne, ɗan abin da na sani a duniya a ƙarƙashin mota na koye shi. Ki yi haƙuri in nasihar tawa ta zo da warin baƙin mai. Labari ɗaya zan ba ki, na abin da ya faru a kakar bara lokacin kina makarantar kwana, muka ɓoye miki don kada hankalinki ya bar karatu.

Kin san tsohuwar a-kori-kurar nan tamu da ta ciyar da ku ta tufatar da ku. A jikin injinta akwai abin da muke kira kik, shi ke juya inji in an murɗa makulli. A bayan kik ɗin kuma akwai wani ɗan abu goye, bai fi gwangwanin madara ba, masu gyara na ce masa solinoid. Aikinsa ɗaya ne, ya haɗa wutar batir da kik. In ya haɗa, mota ta tashi. In bai haɗa ba, sai ki ji "ƙas", shiru ya biyo baya.

Motata ta daɗe tana yi mini wannan "ƙas" ɗin, kuma kuskurena na farko shi ne maimakon in gyara sai na ƙware wajen zama da ciwon. Na ajiye sifana a ƙarƙashin kujera. In ta ƙi tashi in sauka in ƙwanƙwasa solinoid ɗin, in dawo in murɗa, ta kama. Ranar da ƙwanƙwasa ta ƙi aiki, sai turi. Daga nan na koyi ajiye mota a gangare. Babu gangaren da ban sani ba tsakanin Batsari da Safana. In na shiga Runka ranar kasuwa, kafin in amsa sallamar kowa idona na neman inda ƙasa ta karkata. Har 'yan tasha suka laƙaba mini Na-gangare, ni kuma wai daɗi nake ji, ina bugun ƙirji ina cewa motata hannuna kaɗai ta sani. Uwata, wannan ba gwaninta ba ce, lalaci ne ya sa babbar riga. A asibitin da za ki koyi aiki za ki tarar da irinsa: abin awon da sai an buga shi yake aiki, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, kowa ya sani kowa ya saba. Kada ki zama gwanar bugawa. Ki faɗa wa mai alhakin gyara, ki sake faɗa masa, ko da za a ce kin cika naci.

Bara gonarmu ta gado da ke bayan Ruma ta yi gero irin wanda rabona da gani tun ina saurayi. Amma kin san inda gonar take, daga ita sai daji. A shekarun baya mun sha shukawa mu bar wa tsuntsaye da ɓarayin daji, mu koma awo a kasuwa kamar waɗanda ba su gaji ko kunya ɗaya ba, kuma babu abin da ke ci mini rai kamar wannan. Na ƙudura a zuciyata cewa in Allah Ya yarda geron nan sai ya kwana a rumbuna.

Mutanen Ruma sun fito da tsarin da ya cece su. Ba mai zuwa gona shi kaɗai. Gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, a gama yanka da ɗauri a wuni ɗaya. Maharba biyu su hau bishiya da usur suna sauraro. Matasa kowa da babur ɗinsa, amma dattawa masu ɗaurin dami da tsofaffin mata masu kawo fura ba su iya gudu, don haka dole mai gona ya kawo mota ta tsaya a bakin gona, hancinta na kallon gari. Kuma a kashe take tsayawa, domin ƙarar inji na hana na kan bishiya jin babura daga nesa. In layinka ya zo ba ka da motar da aka amince da ita, sai a tsallake ka har a gama da kowa, in geron ya jira ka.

Sarkin Noman Ruma ne ke duba motar kafin ranar gayya. Tsoho ne mai sanda, ba ya dariya sai da dalili. Na kai masa a-kori-kura ƙofar gidansa, ina shirin karkatawa inda na saba, sai ya ɗaga sanda.

"Malam Idi, aje ta nan cikin rairayi."

Na ce, "Baba, ai can gefen masallaci ya fi inuwa."

"Inuwa ko gangare? Gonarku jigawa ce, ko ruwa ka zuba ba shi gangarawa. Kashe ta, ka tashe ta mu gani."

Na kashe, na murɗa. Ƙas. Na sake murɗawa. Ƙas. Hannuna ya tafi ƙarƙashin kujera da kansa, tsohon ya ɗora sandarsa a kan ƙofar motar.

"Bar ƙarfen nan inda yake. Ranar da aka busa usur, ce ma mutanen daji za ka yi su dakata ka ƙwanƙwasa? Ba ni ɗora tsohuwa ko guda bisa motar ga. Layinka jibi ne. In ta gyaru, kawo ta gobe da la'asar. In ba ta gyaru ba, mu wuce gonar gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kai ga shi ka kawo mana naka ko yankewa ba a yi ba."

Sai da majiya ƙarfi suka fitar da ni daga rairayin da turi, jama'a na kallo. Na ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa, don na san in aka tsallake ni abincin shekara ya tafi.

Da na iso Batsari raina a ɓace, ban wuce gida ba, sai rumfar wanda ya sayar mini da batir. Na sauke masa kwandon faɗa a gaban masu ciniki, na ce ya manna mini mataccen kaya. Bawan Allah bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Idi, kunna fitila." Na kunna, ta haska tar. Ya ce, "Danna hon." Na danna, har awakin bakin titi suka watse. Ya ce, "To batirin da ke wannan ihun ba matacce ba ne. Ka bar jaki kana dukan taiki." Na fi kowa sanin inda ciwon yake, ai ni ke ƙwanƙwasa shi kullum, amma zuciya ta fi son ta sami mutumin da za ta ɗora wa. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji na zage shi, ya ce ba komai, har ya ara mini wayoyin gwaji. Ke ma ranar da aiki ya ɓaci a hannunki za ki ji bakinki na neman sunan wani. Ki riƙe shi tukuna, ki duba abin da idonki. In kuma kin riga kin yi ɓarin baki, ki ba da haƙuri a inda kika yi laifin, ba a bayan ɗaki ba.

Mai gyaran wutar mota da muka dogara da shi ya riga ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina. Sabon solinoid kuma sai an aika can, kafin ya iso an gama gayya an share wuri. Ya rage daga ni sai akwatin sifanuna.

Washegari da hantsi na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashin mota a ƙofar gida. Gaggawa ta sa ban cire kan batir ba, abin da ko sabon ɗan koyo ya san shi ne farko. Sifana ta taɓa wayar wuta da jikin inji lokaci guda, tartsatsi ya tashi, babban yatsana ya sha. Tabon da kika taɓa tambayar Innarku a kai, ta ce miki ƙunar shayi ce, to ga shayin nan kin ji. Abin da aka ce a fara yi kafin aiki, shi gaggawa ke fara cinyewa. In an ce ki wanke hannu, ki karanta sunan magani kafin ki ba mara lafiya, ki yi, ko da ana kiran ki ta ƙofa uku.

Na cire kan batir ɗin, na kwance kik, na shigo da shi tsakar gida na zauna a inuwar bedi. Innarku na tankaɗe a ƙofar madafa, ta dube ni ta ce, "Malam, ga tire nan ka kwance a ciki."

Na ce, "Mi ya haɗa tiren tuwo da aikin mota?"

Ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," ta ci gaba da aikinta.

Na kwance sukurorin murfin solinoid, ina ɗaga shi wani siririn sifirin ya yi tsalle, wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba ya bi bayansa, duk suka faɗa cikin rairayin tsakar gida. In babu su, kik ɗin ya zama ƙarfen gwangwan. Na durƙusa ina laluben ƙasa, gumi na zuba, kaji kuma suka taho da gudu sun ɗauka tsaba na watsa. Wallahi a lokacin na ga geron nan yana tafiya a idona.

Sai Innarku ta taso. Ta kore kajin ta rufe a akurki, ta zana da'ira da muciya kewaye da inda nake, ta karkaɗe rariyarta ta zo ta tsuguna.

"Ɗaga ƙafarka, Malam. Kai da ka ƙi tire, yau ga ka da rariya."

Ta dinga ɗibar rairayi tana tankaɗewa, tafi bayan tafi, ba ta tsallake ko taki ɗaya ba. Sifirin ya fara fitowa. Ƙwallon ya ba mu wuya, sai can muka ji yana gangarawa a cikin rariya tare da tsakuwa. Ta ɗauraye shi, ta sa a tiren da na raina, ta ajiye mini a gaba ta koma madafa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban iya yi mata godiya da baki ba, kin san halina, amma ke ina gaya miki: uwarki ta fi ni hankali, kuma na daɗe da sani. Duk wanda ya miƙo miki shawara, kada ki tambayi ko aikinsa ne. Mai shara a asibiti na iya ganin abin da ya wuce ki.

Da na leƙa cikin solinoid ɗin sai dariya ta kama ni. Haƙora biyu ne na jan ƙarfe, da wani ɗan faifai shi ma na jan ƙarfe da ke faɗowa a kansu ya haɗa wuta. Faifan ya yi baƙi ya yi ƙuraje. Haƙori ɗaya na nan da sauran ƙarfinsa, ɗayan kuwa, na ɓangaren batir, wuta ta cinye shi ya yi rami, faifan ba ya ko isa gare shi. Abin da ya sa aka yi shekaru ana tura ni ke nan, bai kai faɗin farce biyu ba.

Na goge faifan da samfefa har ya koma ja yana ƙyalli. Na shiga wurin maƙwabcinmu mai gyaran firji na karɓo guntun bututun jan ƙarfe, na daddaƙe shi da guduma ya baje, na ninka shi ya yi kauri. Na ɗora tsohon haƙorin a kai na zana, na yanka da zarto, na huda wurin noti, na bi shi da magagari. Da na ɗaura, sai na ga sabon ya ɗan fi tsohon tudu, faifan na rawa a kansu kamar tukunya a murhun da dutse ɗaya ya fi tsawo. Rana ta riga ta karkata. Zuciya ta ce mini rufe haka nan, ai zai yi. Na gane muryar, ita ce mai aika ni neman gangare. Na sake kwancewa, na goga, na gwada, na goga, har faifan ya zauna daram a kan haƙoran biyu.

Ban mayar da kik ɗin jikin mota ba sai da na gwada shi a ƙasa. Na jawo wayoyin da mai batir ya ara mini, na take kik ɗin da ƙafa, na yi bisimilla na taɓa masa wutar batir. Ya zabura ya yi wata ƙara, saura kaɗan ya kuɓuce mini. Innarku ta leƙo daga madafa ta ce, "To, ya farka." Ni kuwa, dattijo da furfura, na tsaya a tsakar gida ina washe baki ni kaɗai. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta.

Da la'asar na ajiye mota a cikin rairayin Sarkin Noma tun bai nuna mini ba. Ya sa na kashe na tayar, na kashe na tayar, har sai da na ce, "Baba, batirin fa." Ya ce, "Gobe in an sallame asuba." Iyakar yabon da na samu ke nan.

Ranar gayya muka shiga gona rana na fitowa. Matasa na yanka, dattawa na ɗauri, amalanken shanu na kai dammuna cikin Ruma gidan ƙanena suna dawowa. Ba ganga ba waƙa irin gayyar da, sai ƙarar lauje da numfashi. Motar na bakin gona a kashe, makulli a jiki, ni kuma ina ɗaukar dami ina waiwayen ta. Bayan azahar amalanke na ƙarshe ya tafi, ragowar dammunan muka jera su a bayan a-kori-kura. Tsofaffi na tattara ƙoren fura ke nan aka busa usur daga kan tsamiya.

Ba wanda ya yi ihu, haka aka tsara. Matasa suka ɗaga tsofaffi suna ɗorawa a kan dammunan, maharban suka sulalo daga bishiya suka haye bayan babura. Sarkin Noma ya shigo gaba ya zauna kusa da ni, ya ɗora sandarsa a cinya, bai dube ni ba. A lokacin ni ma na fara jin ƙugin babura ta wajen daji. Tayoyi huɗu a cikin rairayi, kaya a baya, rayukan iyayen mutane a kan kayan, babu gangare babu mai turi. Na kama makullin, na ce bisimillahi, na murɗa.

Ta tashi, Uwata. Tun ban gama murɗawa ba ta tashi.

Na fitar da ita daga jigawar a hankali don kada taya ta nutse, muka hau turba, baburan matasanmu na gefe da gefe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, sai da na ji gishiri a baki. Muka shiga Ruma ba wanda ya ɓace, ba wanda ya yi ko targaɗe. Wata tsohuwa ma ƙoryarta na hannunta da sauran fura a ciki, ba ta zubar ba. Washegari aka ga sawun baburan mutanen daji a cikin gonar, sun tarar da kara tsaye ba zangarniya ko ɗaya.

Da Sarkin Noma ya sauka, ya zagaya gaban motar ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu, ya ce, "Malam Idi, gayyar da ta rage duka kai za ka kai mu." Haka kuwa aka yi. A-kori-kurar da aka tura a gaban jama'a ita ta tsaya a bakin kowace gona har aka gama kakar, kuma ba ta ce "ƙas" ko sau ɗaya ba. Na yi tuƙi shekaru masu yawa, na ɗauki manya da ƙanana, amma ban taɓa jin ni direba ne ba kamar a wannan kakar.

Aikin da kika zaɓa irin wannan ne. Za a yi ta kwanaki ba abin da ya faru, har ki ga kamar shirin da kike yi wahalar banza ce. Sai rana ɗaya a shigo da wani a hannu, dangi su zuba miki ido, ba lokacin buɗe littafi ba lokacin neman wani. Abin da kika gyara tun jiya shi kaɗai zai tashi. Don haka ki yi karatunki tun ba a busa usur ba. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki girmama na gaba da ke, kada ki bi hanya in rana ta faɗi, in za ki zo hutu ki bugo mu gaya miki wadda ta fi lafiya.

Innarku da ƙannenki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye.

Ki duba ƙasan jakarki, akwai ƙullin gumba da Innarku ta daka. Geron gonar Ruma ne, har yau da saura a rumbu, bana ko tiya ɗaya ba mu auna a kasuwa ba. Ki ci ki ƙoshi, ki ba na kusa da ke.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Idi Direba, Batsari.